Babi na Shida: Taki Ne Ko Ƙasa Ce?

A ƙarshen watan Satumba, lokacin da gero ya cika ido, wanda ya bi hanyar Magarya zuwa Dungas zai riƙa ganin gonakin gwaji a bakin hanya. Ana gane su da 'yan allunan da aka kakkafa, da igiyar da aka ja ta raba fili gida-gida. Wata shekara na tsaya a ɗaya daga cikinsu, ranar da aka tara manoman ƙauye su ga abin da damina ta yi. Fili uku ne a jere, girmansu ɗaya, iri ɗaya aka shuka, a rana ɗaya. Na farko ba a sa masa komai ba. Na biyu an zuba masa takin gida. Na uku takin zamani aka ba shi, ɗan tsunkule a kowane gurbi. Malamin gona, saurayi mai ƙwazo da ya sha ranar wannan aiki tun daga shuka har maimai, yana tsaye yana nuna na ukun, kuma abin nunawa ne: kara ya wuce tsawon mutum, zangarniya kamar damtse.

Wani dattijo da ke kusa da ni bai ce uffan ba sai da jama'a suka fara watsewa. Sannan ya ɗaga sandarsa ya nuna fili na uku.

"Malam, ka ga wancan gefen? Nan Fulani suka sauka da shanunsu rani biyu a jere. Can kusurwar kuma akwai tsohon suri, ruwa ne ya baje shi."

Na ce, "To Baba, kuna ganin takin bai yi aiki ba ke nan?"

"A'a ɗana, ban ce bai yi ba. Wataƙila ya yi. Amma da an juya allunan nan tun ranar shuka, da wane fili muka taru muna yabo yau?"

Na daɗe ina juya wannan tambaya. Akwai reshe guda na ilimin ƙididdiga da aka gina don amsa ta, kuma a gona aka haife shi. Masu bincike suna taƙaita sunansa su ce Anoba. Ni a wannan littafi zan kira shi rabon bambanci, domin aikinsa ke nan: ya tattara duk bambancin da aka gani tsakanin filaye, ya raba shi kamar gado, ya ce wannan kaso na taki ne, wannan na ƙasa ne, wannan kuma ba a san mai shi ba.

Kafin mu taɓa lissafi, sai mu dubi ƙasar da ake gwajin a kanta. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya a jigawar Bande ko ta Dogo-Dogo ya san gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce. Taku goma sun isa su raba geron da ya kai kafaɗa da wanda bai wuce gwiwa ba. Nan iska ta tara rairayi a gindin sabara, can kwari ne da ruwa ke kwanciya, gaba kaɗan tsohon turken akuya, a gefe ƙuduji ya mamaye. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, Joost Brouwer da abokan aikinsa sun auna wannan tabbare-tabbare a farkon shekarun 1990, suka nuna cewa amfanin gero yakan sha bamban ƙwarai a cikin 'yan mitoci kaɗan, ba tare da kowa ya sa hannu ba. To idan ƙasa da kanta tana haifar da bambanci irin wannan, ganin fili ɗaya ya fi wani bai isa hujja ba. Dole a fara sanin yawan bambancin da ake samu ko ba a yi komai ba, sannan a duba ko wanda aka gani ya wuce shi.

Turawan Ingila sun sha wannan ciwon kai kafin mu. A gonar bincike ta Rothamsted, John Lawes da Henry Gilbert sun fara gwajin taki a kan alkama a 1843, a filin da ake kira Broadbalk, kuma har yau ana shuka shi. Shekara fiye da saba'in ana auna girbi ana rubutawa, littattafai suka taru, amma ba a da ingantacciyar hanyar raba aikin taki da na ruwan sama da na ƙasa. A 1919 aka ɗauki wani matashin masanin lissafi, Ronald Fisher, aka ba shi wannan tari. A 1923 shi da Winifred Mackenzie suka buga nazari a kan yadda ire-iren dankali ke karɓar taki, inda hanyar rabon bambanci ta fito fili, sannan ya shimfiɗa ta a littafinsa na 1925 da ya rubuta don masu bincike. Lambar da ake fitarwa a ƙarshe, George Snedecor na Amurka ne ya raɗa mata harafin F don girmama Fisher. Shi Fisher ɗin yana da ra'ayoyi a kan jinsin mutane da ba zan taɓa yarda da su ba, amma ma'aunin da ya bari na kowa ne, kuma manomin Magarya ya fi buƙatarsa da manomin Ingila, domin ƙasarmu ta fi tabbare-tabbare, kuma kuskure a nan rumbu yake taɓawa.

Bari mu yi lissafin da hannu sau ɗaya. Lambobin da ke tafe na misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin bi.

A ce maimakon fili uku an yi goma sha biyu, kowanne faɗin mita 20, tsawon mita 25. Huɗu ba taki, huɗu takin gida, huɗu takin zamani. Aka girbe, aka sussuke, aka auna da tiya:

Ba taki: 8, 10, 10, 12
Takin gida: 11, 13, 13, 15
Takin zamani: 14, 16, 16, 18

Matsakaicin na farko tiya 10, na biyu 13, na uku 16. Matsakaicin duka sha biyun 13. Yanzu a ce a wani ƙauyen an yi gwaji iri ɗaya, aka sami wannan:

Ba taki: 5, 7, 11, 17
Takin gida: 6, 11, 17, 18
Takin zamani: 10, 15, 17, 22

Ka haɗa ka raba, za ka ga nan ma 10, 13, 16 ne. Da matsakaici kawai aka rubuta a rahoto, kamar yadda aka saba, da babu mai iya bambanta ƙauyukan biyu. Amma dubi lambobin da idonka. A ƙauyen farko, filin da ya fi kowa a cikin marasa taki bai kamo wanda ya fi lalacewa a cikin masu takin zamani ba. A ƙauye na biyu, akwai filin da bai ga taki ba ya ba da tiya 17, ga mai takin zamani da ya tsaya a 10. Ido ya riga ya yanke hukunci: na farko abin dogaro ne, na biyu da sauran magana. Abin da Fisher ya yi shi ne ya mayar da wannan hukuncin ido lamba.

Ana auna abu biyu. Na ɗaya, nisan da ke tsakanin rukunoni. Marasa taki sun gaza babban matsakaici da tiya 3, masu takin gida suna daidai da shi, masu takin zamani sun ɗara shi da 3. Ana ninka kowace tazara da kanta, don kada ragi da ƙari su cinye juna, kuma don babbar tazara ta fi nauyi: 9, 0, 9, jimla 18. Tunda fili huɗu ne ke bayan kowane matsakaici, a ninka da 4, an sami 72. Sai a raba da 2, ba da 3 ba. Dalili kuwa, idan ka san babban matsakaici kuma ka san na rukuni biyu, na ukun ba shi da zaɓi, an riga an ɗaure shi. Biyu ne kawai ke da 'yancin yawo. 72 a raba 2, ya ba da 36.

Na biyu, warwatsuwar da ke cikin kowane rukuni, tsakanin filayen da aka yi wa abu iri ɗaya. Wannan ba laifin taki ba ne, tunda takinsu ɗaya. Aikin suri ne da kwari da tsuntsu da hannun mai noma. A ƙauyen farko, marasa taki sun kauce wa matsakaicinsu da 2, 0, 0, 2. A ninka kowanne da kansa a tara, 8. Sauran rukunonin ma 8, 8. Jimla 24. Kowane rukuni na da lambobi uku masu 'yanci, uku sau uku 9. 24 a raba 9, kusan 2.7.

Sai a ɗora na farko a kan na biyu: 36 a raba 2.7, kusan 13.5. Wannan ita ce F.

Ga ma'anarta. Da taki ba ya komai, da allunan nan ado ne kawai, to da tazarar da ke tsakanin rukunoni ma daga ƙasa za ta fito, kuma lambobin biyu za su zo kusan kai ɗaya, F ta riƙa kewaya 1. Wani lokaci sa'a za ta tara filaye masu kyau a rukuni guda ta ɗaga ta zuwa 2 ko 3. An lissafa iyakar abin da sa'a ke iya yi: a gwaji mai rukuni uku da fili sha biyu, idan babu wani bambanci na gaskiya, sau 5 kacal cikin 100 F za ta haura 4.26. Tamu 13.5 ce. Ta yi wa iyakar nisa, don haka muna da ƙarfin cewa takin ya yi aiki.

A ƙauye na biyu, lambar sama ba ta canza ba, 36 ce. Amma warwatsuwar cikin gida ta kumbura: 84, 94 da 74, jimla 252, a raba 9, ya ba da 28. F ta zama 36 a raba 28, wato kusan 1.3. Irin abin da ƙasa ke yi ita kaɗai ne. Tazarar tiya shida tana nan tsakanin na farko da na uku, amma ba mu da bakin cewa ta taki ce.

Mai karatu zai iya cewa, me ya hana a riƙa gwada su bibbiyu, tunda akwai hanyar gwada rukuni biyu da William Gosset ya fitar tun 1908? Abin da ya hana shi ne yawan jefa guga. Kowane gwaji yana ɗauke da haɗarin kuskure na kashi 5 cikin 100, kuma haɗarin taruwa yake. Rukuni huɗu suna ba da haɗi shida, kuma ko da duka huɗun abu ɗaya ne, kusan sau ɗaya cikin biyar za ka sami haɗin da zai yi kama da bambanci. Masu gwajin iri ba sa tsayawa a huɗu. A ce a tashar binciken noma ta INRAN da ke Magarya an jera iri goma na gero, su HKP da Zatib da SOSAT da Chakti wanda aka fitar a Nijar a 2018, tare da na gargajiya. Haɗi 45 ke nan, kuma damar a ga bambancin bogi aƙalla sau ɗaya ta wuce kashi 60 cikin 100. Rabon bambanci tambaya ɗaya yake yi wa taron gaba ɗaya: shin a cikinku akwai wanda ya fita daban? Sai ta amsa e ake shiga neman ko wane ne.

Mu koma ƙauye na biyu, domin nan ne hanyar ta fi burge ni. A ce mun tambayi malamin gona, ya ce ai filayen nan ba a wuri ɗaya suke ba, gonaki huɗu ne, kuma kowace gona an yanka ta uku an yi gwaje-gwajen uku a ciki. Lambobin farko na kowane layi, 5, 6, 10, na gonar wata bazawara ce a kan tudu, ƙasar ta gaji. Na biyu, 7, 11, 15. Na uku, 11, 17, 17. Na ƙarshe, 17, 18, 22, gonar bayan gari ce da ke shan shara da kashin dabbobi kowace shekara. Karanta su haka, gona-gona, sai hoton ya sauya: a kowace gona mara taki ne a ƙasa, kuma babu inda takin zamani ya gaza. Ashe yawancin warwatsuwar da ta rufe mana ido tana da mai ita. Matsakaicin gonakin 7, 11, 15 da 19 ne, kuma idan aka yi musu lissafin da muka yi wa taki, kasonsu 240 ne daga cikin 252 ɗin nan. Abin da ya rage ba mai shi 12 ne kawai. An kashe 'yanci uku wajen fitar da kason gonaki, saura 6; 12 a raba 6, ya ba da 2. F ta koma 36 a raba 2, wato 18, iyakar sa'a a wannan tsari kuwa 5.14 ce.

Ba a ƙara fili ko ɗaya ba, ba a sake awo ba. An dai fitar wa kowane magaji haƙƙinsa: duk bambancin 324 ne, taki ya ɗauki 72, gonaki 240, saura 12. Wannan shi ya sa gwajin da aka tsara da kyau yake sa kowane manomi ya zama ma'aunin kansa. Ana gwada taki da rashinsa a gonar bazawara, a sake gwadawa a gonar bayan gari, maimakon a ba mai ƙarfi taki a bar mara ƙarfi a matsayin abin kwatance. Abin takaici, na biyun ne ya fi sauƙin faruwa, domin mai hali shi ke fara miƙa gonarsa, kuma gonarsa ce a bakin hanya.

Sai dai duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan sharaɗi guda, kuma shi ne ainihin abin da dattijon nan ya taɓo. Wa ya zaɓi filin da za a sa wa takin zamani? Idan mutum ne, to ko yana da tsoron Allah, idonsa zai ja shi. Mai son takin ya yi nasara zai ba shi gefe mai kyau ba tare da ya sani ba; mai gona kuma yakan so a zuba shi inda ƙasa ta mutu, don nan ke buƙata. Kowanne ya gurɓata awo. Maganin da Fisher ya nace a kai, har ya gina littafinsa na 1935 a kansa, shi ne ƙuri'a. A rubuta sunayen gwaje-gwajen a 'yan takardu, a zuba a hula, yaro ya zaro, a kowace gona a sake jefawa. Ƙuri'a ba ta kawar da tsohon suri, amma tana hana shi bin taki ɗaya a kowace gona, ta tura shi cikin kason da ba mai shi, inda lissafi ya san yadda zai yi da shi. Inda ba a jefa ƙuri'a ba, kwamfuta za ta fitar da F ɗinta lafiya lau, amma ba ta san Fulani sun sauka ba.

Gawo ya nuna wahalar abin. Ƙasar Magarya da Dungas ƙasar gawo ce, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya tara dabbobi a inuwarsa. Binciken da Mahamane Larwanou da M. Abdoulaye da Chris Reij suka yi a 2006 ya ƙiyasta cewa sassaben zamani, wato barin itatuwan da suka tsiro da kansu a gona ana yi musu gyara, ya kai kimanin hekta miliyan ɗaya a Magarya da Matamaye da Mirya. A lokacin Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Kowa ya san geron gindin gawo ya fi kyau, kuma tun 1965 Charreau da Vidal suka auna haka a Senegal. Ɗalibi zai iya raba fili uku, gindin itace, bakin inuwa, da sarari, ya auna, ya sami F mai girma. Amma ba wanda ya jefa ƙuri'a ya ce gawo ya tsiro a nan. A Sadore, masu binciken da suka dasa gawo a fili guda sun ga wasu sun yi girma wasu sun tsumbure, da suka tona sai suka tarar masu girman suna kan ƙasar da dama can ta fi kyau, wani wurin ma tsohon gidan gara ne. Wato wani ɓangare na albarkar da muke gani a gindin gawo ya riga gawon zuwa. Wannan bai rage masa daraja ba a wurina. Ganyensa da kashin dabbobin da yake tarawa abu ne da ake gani da ido. Abin da nake so ɗalibinmu na jami'ar Damagaram ko ta Maraɗi ya riƙe shi ne, a irin wannan nazari F tana shaida cewa wuraren uku sun bambanta. Dalilin bambancin kuma sai an nemo shi ta wata hanya.

Akwai wani kuskuren da na fi jin zafinsa, domin masu himma ne ke faɗawa cikinsa. Mutum ya je gindin gawo ɗaya, ya auna gurbi hamsin, ya fita sarari ya auna hamsin, ya shigar da lamba ɗari a kwamfuta. A ganinsa yana da shaidu ɗari. Alhali shaida ɗaya gare shi da aka yi wa tambaya sau hamsin, domin duk gurabun nan ƙasa ɗaya suke sha. Maimaici na gaskiya shi ne itace talatin a gonaki talatin. Haka abin yake a aikin lafiya, wanda yankin nan ya san shi sosai, tunda likitocin MSF suna kula da yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro a Magarya tun 2005. Idan gari guda aka ba magani ko abinci, aka bar wani garin, to gari ne abin ƙirga, domin yaran gari ɗaya rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci, annoba ɗaya ke bin su. A gwajin da Sheila Isanaka da abokan aikinta suka yi a jihar Maraɗi a kan abincin rigakafin tamowa, wanda aka buga a 2009, yara fiye da 3,500 aka bi, amma ƙauyuka 12 aka jefa wa ƙuri'a, shida suka samu shida suka zama na kwatance, kuma lissafin sai da ya yi la'akari da haka. Wanda ya manta da wannan zai sami lambar ƙasa ƙarama fiye da gaskiya, F ta kumbura, ya yi shelar abin da bai tabbata ba.

In F ta haura iyaka, sai a shiga neman wanda ya fita daban, da hanyoyin da aka gina don su riƙe linzamin kuskure, kamar ta John Tukey ko ta Newman da Keuls wadda masana aikin gona na ƙasashe masu Faransanci suka fi sabawa da ita. Daga nan ne 'yan haruffan da ake gani a jadawalin rahoto suke fitowa: 16a, 13ab, 10b. Lambobin da suka yi tarayya a harafi, gwajin bai iya raba su ba. Mutane da yawa suna karanta wannan da cewa daidai suke. Ba haka ba ne. A ƙauyenmu na biyu, kafin mu fitar da kason gonaki, lissafi ya kasa raba 10 da 16, alhali bambancin yana nan. Ma'aunin ne ya yi kauri. Da rahoto ya tsaya a nan ya rubuta cewa taki ba shi da amfani, da an cuci manoma da lissafin da babu kuskure a cikinsa.

Ta ɗaya gefen kuma, bambanci yana iya tabbata ya kasance bai kai a tashi dominsa ba. Tsarin tsunkule da aka gwada a Nijar tun shekarun 1990 yana cewa a sa giram 6 na NPK ko giram 2 na DAP a gurbi. A gurbi 10,000 na hekta guda, kilo 60 ke nan ko kilo 20. Manomi zai auna kuɗin wannan a kasuwar Magarya ko ta Maigatari a watan Yuni, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ya haɗa da wahalar sunkuyo a kowane gurbi, sannan ya tambayi tiya nawa za ta ƙaru. Rahoton da ya ba shi tauraro a gefen lamba, alamar cewa bambanci ya tabbata, amma bai gaya masa tiya ba, bai amsa masa ba.

Abu na ƙarshe da ke damuna a kan hanyar shi ne sunan da ake ba kason da ba mai shi. A littattafai kuskure ake kiransa, kuma lissafin yana ɗauka cewa girmansa ɗaya ne a kowane rukuni. A gonar Sahel sau da yawa ba haka ba ne. Taki yakan ɗaga matsakaici ya kuma faɗaɗa warwatsuwa: in ruwa ya zauna ya ba da mamaki, in ya ɗauke makonni uku bayan shuka, kuɗin ya tafi. Akwai gyare-gyaren lissafi don wannan, irin na Welch. Amma warwatsuwar da kanta labari ce da ya kamata a rubuta. Brouwer da abokansa sun lura cewa tabon da ya yi kyau a shekarar fari ba lallai shi ne mai kyau a shekarar ruwa ba, don haka gona mai tabbare-tabbare da wuya ta tashi ba komai. Abin da mai bincike ke son ya matse don F ɗinsa ta fito, shi ne wani lokaci ke hana iyali kwana da yunwa. Shi ya sa gwajin damina ɗaya bai isa ba. Rabon bambanci yana iya karɓar shekara a matsayin magaji, har ya fitar da kaso na musamman ga haɗuwar taki da shekara, wato yadda amfanin taki ke hawa da sauka gwargwadon damina. In wannan kaso ya yi girma, shawarar gaskiya ba za ta zama jimla ɗaya ba. Za ta zo da sharaɗin ruwa, da na ƙasa, da na lokacin zubawa.

Kafin mu rabu da dattijon nan na zayyana masa tsarin a ƙasa da ɗan kara: gonaki da yawa, wasu a tudu wasu a kwari, kowace a yanka uku, a bar ƙuri'a ta raba, a maimaita damina uku. Ya duba zanen ya gyara mini abu ɗaya. Ya ce a yanka filayen su bi gangara tare, kowanne ya sami rabonsa na tudu da na kwari, kuma a bar ɗan sarari a tsakani, don ruwan farko yakan kwashi takin na sama ya kai wa na ƙasa. Sannan ya ce in za a yi, a zo masa tun watan Mayu, kafin a yi binne.